Darasi na 17: Ɗinkin Robar Babur a Suleja

Wanda ya tsaya a bakin babban titin Suleja da sassafe, lokacin da ma'aikata suke sammakon tafiya Abuja, ba abin da zai cika masa ido kamar babura. Su ne suke kwaso mutane daga unguwanni irin su Kwamba da Rafin Sanyi su kai su tasha, su ne kuma suke mayar da su gida da almuru. Garin yana cikin Jihar Neja, amma yana jingine da Babban Birnin Tarayya. Hasali ma, sunansa na asali Abuja, daga sunan Sarki Abu Ja wanda ya kafa shi a 1828. Bayan gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ba sabon birnin wannan suna, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Mutane da yawa masu aiki a Abuja a nan suke kwana saboda sauƙin kuɗin haya. A watan Oktoba na 2006 kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja, sai 'yan acaɓa suka karkata zuwa garuruwan da ke kewaye. Inda babura suka yi yawa, sana'o'in da suke rayuwa a jikinsu ma sukan yi yawa: ga makanikai, ga masu faci, ga masu sayar da kayan gyara. A wannan darasi za mu duba ɗaya daga cikinsu, wato ɗinkin roba.

A da, kusan duk jikin babur ƙarfe ne. A 1958 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da wani ƙaramin babur mai suna Super Cub, wanda aka yi wa garkuwar ƙafa da murfin tayar gaba da roba. Roba ta fi ƙarfe rashin nauyi da araha, kuma ba ta tsatsa, don haka wasu kamfanoni suka bi sahu. Yau har akwai ƙananan babura da Hausawa suka raɗa wa suna "roba-roba" saboda yawan robar da ta lulluɓe su. Manyan baburan acaɓa ma, irin su Bajaj da TVS da ake shigowa da su daga Indiya, suna da murfin gefe da gidan fitila na roba. Aibin roba ɗaya ne. Ƙarfe idan ya bugu yakan lotsa, a buge shi ya miƙe. Ita kuwa roba tsagewa take yi.

Yadda tsaga take tafiya

Tsaga ba ta tsayawa inda ta fara. Babur yana girgiza muddin injinsa yana aiki, balle a hanya mai ramuka. Duk wannan girgiza takan taru a bakin tsagar, wato can ƙarshenta inda ta fi siriri, ta riƙa buɗa ta kaɗan-kaɗan. Ku tuna da yadda mai sayar da yadi yake yi. Yakan ɗan tsaga bakin yadin da almakashi, sa'an nan ya ja da hannu, yadin ya rabu har ƙarshe ba wuya. In ba a fara tsaga bakin ba, sai a sha wahala kafin ya yage. Haka tsagar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba ranar Litinin take iya raba murfi biyu kafin Juma'a.

Faɗuwa ce babban dalilin tsagewa, amma akwai wasu. Idan makanike ya matse noti fiye da kima a kan kunnen murfi, ko ya jefar da 'yar robar nan mai laushi da ake sawa a ƙarƙashin notin, kunnen yakan dare. Rana ma tana cin roba a hankali, kamar yadda za mu gani nan gaba.

A rumfar mai ɗinkin roba

Bari mu ɗauki misalin wani saurayi ɗan acaɓa. Babur ɗin da yake hawa na wani ne, kuma kullum da yamma yana kai wa mai shi kuɗin da suka yi yarjejeniya a kai, wanda ake kira balas. Ranar da babur ya yini a wurin gyara, balas ɗin ranar yana nan a wuyansa. Idan ya mayar da babur da fasasshen murfi kuwa, daga aljihunsa za a sayi sabo. Ga shi ya tsaya a rumfar wani dattijo mai ɗinkin roba.

"Salamu alaikum, Baba. Sannu da aiki."

"Wa alaikumus salamu, samari. Me ya sami dokin naka?"

"Wallahi Baba, shekaranjiya aka yi ruwa, na zame a hanyar Madalla. Murfin nan ne ya tsage. Sau biyu ina zuba masa gam, amma da na shiga gargada sai ya sake buɗewa."

"Kai dai ba ka ji ciwo ba ko?"

"'Yar ƙujewa ce a gwiwa, da sauƙi."

"To madalla, Allah ya kiyaye gaba. Kwance mana shi mu gani."

Yaron shago ya kawo sifana ya kwance murfin. Dattijon bai ko dubi tsagar ba. Sai ya kifa murfin, ya goge cikinsa da tsumma, ya kai shi wajen haske yana neman wani abu. Can ya nuna wa saurayin wasu haruffa biyu da aka buga a jikin robar tun daga masana'anta: PP.

"Ka ga wannan? Irin wannan roba ba ta shan gam. Ko kwalba goma ka juye mata, asarar kuɗinka kawai za ka yi. Wuta take so."

Me ya sa dattijon ya fara da neman haruffa? Amsar wannan tambaya ita ce rabin sana'ar.

Roba iri-iri ce

Kalmar "roba" a Hausa tana da faɗi. Taya roba ce, bokiti roba ne, marfin biro ma roba ne. Amma a wurin wuta ba halinsu ɗaya ba, kuma tukwanen Suleja za su taimaka mana mu gane bambancin. Garin ya yi suna a ginin tukwane. A nan ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, kuma a nan ne Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta fara aiki a 1954. Kowane magini ya san cewa ɗanyar tukunya, wadda ta bushe amma ba a gasa ta ba, idan ta fashe ana iya jiƙa ta ta koma yumɓu, a sake gina wata. Gasasshiyar tukunya kuwa ta wuce nan, ko shekara ta yi a ruwa ba za ta koma yumɓu ba.

Haka roba take, sai dai a wurinta zafi ne yake yin aikin da ruwa yake yi wa yumɓu. Akwai wadda ta yi kama da gasasshiyar tukunya: da zarar ta daskare a masana'anta, wuta ba ta sake narkar da ita, sai dai ta ƙone. Robar taya tana cikin wannan rukuni, haka ma baƙin mariƙin nan mai tauri na wasu tukwanen girki na zamani. Akwai kuma wadda ta yi kama da ɗanyar tukunya: tana narkewa idan ta ji zafi, ta sake daskarewa idan ta huce, kuma ana iya maimaita haka. Sa'ar da masu babura suka yi ita ce, galibin robar jikin babur tana cikin rukuni na biyu.

Ko a cikin wannan rukuni ma akwai dangi daban-daban, kuma biyu ne suka fi yawa a jikin babur. Ta farko ita ce mai alamar PP, wadda masana suke kira folifirofilin. Wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Giulio Natta, shi ne ya samar da ita a 1954, shekarar da Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane. Yau ana sarrafa ta a Nijeriya, a Eleme kusa da Fatakwal. Tana da ɗan laushi, tana lanƙwasa kafin ta karye, kuma idan ka shafa ta sai ka ji santsi kamar na kyandir. Wannan santsi ne yake hana gam kama ta. Takan narke idan zafi ya kai wajen digiri 160 zuwa 170 a ma'aunin Salshiyas. Ta biyu ita ce mai alamar ABS. Ta fi tauri da ƙyalli, tana karɓar fenti sosai, shi ya sa aka fi yin sassa masu launi da ita. Ita tana shan wasu nau'o'in gam, amma ta fi saurin darewa.

Waɗannan biyu ba sa haɗuwa. Idan aka narkar da PP a kan ABS, da farko sai a ga kamar sun kama juna. Bayan sun huce, farce ma yana iya ɓamɓare su. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a hannun sabon shiga, kuma shi ne ya sa wasu suke cewa ɗinkin roba yaudara ce. Ɗinkin ba shi da laifi, robar ciko ce ba a zaɓa daidai ba.

To, idan ba a sami alama a jikin murfin ba fa? Sai a koma ga ruwa. A kankaro 'yar ɓarɓashin robar daga ciki, inda babu fenti, a danna ta cikin kofin ruwa, a saki. PP ba ta kai ruwa nauyi ba, saboda haka galibi takan taso sama. ABS ta ɗan fi ruwa nauyi, sai ta nutse. Tsofaffin hannu sukan gane ta wari ma: PP idan ta ji wuta tana warin kyandir, ABS kuwa tana fitar da baƙin hayaƙi mai ɗaci. Wannan gwaji na biyu ba na ɗalibai ba ne, domin hayaƙin roba yana cutar da huhu.

Yadda ake ɗinkin

Mu koma rumfar dattijon. Abu na farko, an riga an raba murfin da babur, an kuma tura babur ɗin gefe. Ba a kai wuta kusa da tankin mai. Sai wanki: yaron shago ya wanke murfin da ruwa da sabulu, ya kankare busasshen gam ɗin da saurayin ya zuba, ya shanya. Maiƙo ko ƙura ko tsohon gam, duk wanda ya shiga cikin narkakkiyar roba zai raunana ta.

Daga nan dattijon ya bi tsagar da ido har inda ta ƙare, ya huda ɗan ƙaramin rami daidai wurin da tsinin ƙusa mai zafi. Saurayin ya zabura.

"Haba Baba, na kawo a liƙe, kuma ana ƙara hudawa?"

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Nan ne bakinta. In ban rufe mata baki ba, ta ƙarƙashin ɗinkin za ta bi ta wuce."

Gaskiyar dattijon ce. Bakin tsaga siriri ne, don haka duk ƙarfin girgiza a wuri ɗaya yake taruwa. Rami kuwa zagayayye ne, sai ƙarfin ya rarrabu a kewayensa, tsagar ta rasa hanyar bi. Masu gyaran ƙarfe ma suna amfani da wannan dabara.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙarfe mai faffaɗan baki, wanda wasu suke sawa a wutar lantarki, wasu kuma suke gasawa a garwashin kurfoti saboda yawan ɗaukewar wuta. Mai aiki da garwashi yakan ajiye ƙarafa biyu ko uku, yana aiki da ɗaya, sauran suna cikin wuta. Ta cikin murfin ake farawa, ɓangaren da ido ba ya gani. Yaro ya haɗa bakin tsagar ya riƙe gam, dattijon ya ɗiɗɗiga mata ƙarfen a wurare kaɗan don kada ta goce. Sa'an nan ya ja bakin ƙarfen a kan tsagar daga farko zuwa ƙarshe, ya fitar da 'yar kwata mai zurfin kusan rabin kaurin robar.

Yanzu sai ciko. A jikin rumfar an rataye tarin fasassun murafu, waɗanda baƙo zai ɗauka shara ce. Dattijon ya zaɓo ɗaya mai alamar PP, ya yanko siririn tsinke daga jikinsa. Ya ɗora tsinken a cikin kwatar, ya riƙa narkar da shi tare da gefunan kwatar a lokaci guda, yana dannawa, yana matsawa gaba sannu a hankali. Gwanintar tana nan. Idan tsinken kaɗai ya narke, zai kwanta ne a sama kamar miya a kan tuwo, ba tare da ya shiga ba. Dole sabuwar roba da tsohuwa su narke su cakuɗu su zama abu ɗaya. Idan kuma ƙarfen ya yi zafi da yawa, robar za ta yi hayaƙi, ta yi kumfa, ta canja launi. Ƙonanniyar roba ba ta da sauran ƙarfi, sai an kankare ta an sake. Shi ya sa za ka ga gwani yana ɗan taɓa ƙarfen a jikin wani guntun roba kafin ya kai shi kan aikin mutane.

Da yake tsagar ta bi ta kusa da kunnen noti, inda nauyi yake, dattijon ya yanko 'yar ragar ƙarfe, ya ɗora ta a gicciye a kan ɗinkin, ya danna ta da ƙarfe mai zafi har ta nutse cikin robar, ya shafe samanta da wani cikon. Aikin ragar kamar na rodi ne a cikin kankare. Bayan haka ya ajiye murfin a inuwa. Saurayin yana sauri, ya ce a zuba masa ruwa ya huce, dattijon ya ƙi. Robar da aka sanyaya da gaggawa takan karkace, ramukan noti su ƙi dacewa da mazauninsu. Da ya huce don kansa, aka juya fuskar, aka bi tsagar da ƙarfe sama-sama, aka goge da samfefa. Tabo ya rage, domin PP ba ta riƙe fenti sai an fara shafa mata wani sinadari na musamman. Amma murfin ya koma mazauninsa, saurayin kuma ya koma titi kafin azahar.

Da murfin na ABS ne, akwai wata hanyar da ba ta bukatar wuta. Ana jiƙa ɓarɓashin ABS a cikin asiton, wato sinadarin da ake goge jan farce da shi, har ya narke ya yi kauri kamar kunu. Sai a shafa shi a tsagar, a bar shi ya kwana ya bushe. Asiton yana kama wuta nan da nan, saboda haka ba a buɗe shi kusa da kurfoti. PP kuwa ko ta kwana a cikinsa ba abin da zai same ta. Akwai kuma ɗinki irin na gaggawa, inda ake huda ramuka a gefe biyu na tsaga a zarga waya, kamar yadda ake ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Ba shi da kyan gani, amma yana kai mutum gida.

Abin da ba ya gyaruwa

Ba kowane aiki mai ɗinkin kirki yake karɓa ba. Robar da ta shekara da shekaru a rana takan koɗe, ta yi fari-fari, idan ka kankare ta da farce sai ta yi gari. Hasken rana ya riga ya cinye ƙarfinta. Idan aka ɗinke ta a nan, gobe za ta tsage a can, mai babur ya yi ta biyan kuɗin ɗinki har ya zarce kuɗin sabuwa. Irin wannan gara a nufi masu sayar da kayan gyara, a cikin gari ko a kasuwar Zuba. Haka kuma murfin tayar gaba da ya karye daidai inda ake ɗaure shi abin tsoro ne, domin idan ɗinkin ya saki ana cikin gudu, yana iya faɗawa cikin taya.

Babban abin da ba a ɗinkewa shi ne hular kwano. Tun ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu hawa babur sanya ta. A ƙarƙashin ɓawonta mai tauri akwai wani farin abu mai kama da soso, wanda yake lotsawa ya shanye ƙarfin bugu a madadin ƙoƙon kai. Sau ɗaya yake wannan aiki, in ya lotsa ba ya dawowa. Ana iya narkar da ɓawon a goge a fesa fenti, hular ta fito tsaf kamar sabuwa, alhali cikinta ya mutu. A ganinmu, mai sana'ar da ya karɓi kuɗi ya yi wannan aiki ya cuci mai hular, ko da shi ne ya roƙe shi.

Ma'anar wasu kalmomi

sammako: fita da sassafe.
almuru: lokacin faɗuwar rana.
gargada: hanya marar kyau mai sa abin hawa girgiza.
lotsa: shigewa ciki saboda bugu ko danni.
dare: tsage, rabu biyu.
kwata: siririyar hanya mai ɗan zurfi, kamar ta wucewar ruwa.
kurfoti: murhun ƙarfe na gawayi.
samfefa: takarda mai kaushi ta goge katako ko ƙarfe ko roba.

Nahawu

Ku lura da waɗannan jimloli biyu: "Yaro ya karya murfi" da "Murfi ya karye". A ta farko an ambaci wanda ya yi aikin da abin da aikin ya faɗa wa. A ta biyu an faɗi abin da ya sami murfin kawai. Haka ake cewa "ya tsaga roba" da "roba ta tsage", ko "ya fasa tukunya" da "tukunya ta fashe". Akwai kuma sigar da take ƙarewa da -u, kamar "gyaru" daga "gyara", da "ɗinku" daga "ɗinka". Idan aka ce "murfi ya gyaru", ana nufin gyaran ya yi kyau sosai. Idan aka ce "hular kwano ba ta gyaruwa", ana nufin gyaranta ba zai yiwu ba.

Tambayoyi

1. Yaya garin Suleja ya sami sunansa na yanzu?
2. Me ya sa dattijon ya kifa murfin kafin ya dubi tsagar?
3. Bayyana kamannin da ke tsakanin ɗanyar tukunya da robar jikin babur.
4. Mene ne amfanin ramin da ake hudawa a ƙarshen tsaga?
5. Me ya sa dattijon ya ƙi a zuba wa murfin ruwa?
6. Mai babur ya ɗinke murfi, ya yi masa fenti, yanzu yana son ya sayar da babur ɗin. Ya kamata ya gaya wa mai saye? Kawo hujjarka cikin jimloli biyar.
7. Sa waɗannan kalmomi cikin jimloli: narke, narkar, liƙu, koɗe, karkace.

Jinga

Ku tattaro guntayen roba guda biyar daga gida, kamar marfin kwalba da fasasshen bokiti da tsohon biro. Ku duba ko akwai haruffa a jikinsu, ku rubuta. Sa'an nan ku saka ɗan guntun kowanne a cikin ruwa, ku rubuta wanda ya taso da wanda ya nutse. Kada kowa ya kai su kusa da wuta. Ku kawo sakamakon aji a mako mai zuwa.